Yadda Ake Gano Matsalar Bafar Jitar Ƙarfe da Yadda Ake Sauya Ta

Jitar ƙarfe, wadda ake kwantarwa a cinya ko a kan ƙafafu huɗu a riƙa zamar da sandar ƙarfe a kan tsirkiyoyinta maimakon danna su da yatsa, ba kayan kiɗa ba ne da aka saba gani a Sakkwato. Asalinta tsibiran Hawai ne, inda ake danganta salon kaɗa ta da Joseph Kekuku a ƙarshen ƙarni na 19, kuma a shekarar 1932 aka fara sayar da mai aiki da lantarki, wadda ta shahara da sunan Rickenbacker. A Najeriya yawancin mutane sun san muryarta ne ta kiɗan juju na King Sunny Ade, inda Demola Adepoju ya riƙa kaɗa ta. Saboda ƙarancinta a nan, wanda ya mallake ta ba shi da wani gwani na musamman da zai kai wa idan ta sami matsala, sai dai masu gyaran rediyo da amfilifaya, ko kuma shi da kansa. Wannan bayani na su biyun ne, kuma ya shafi ƙaramar na'urar nan da ake kira bafa, wadda aka fi ɗora wa laifi a duk lokacin da sauti ya lalace, alhali sau da yawa lafiyarta lau.

Bafa ba ta ƙara ƙarfin sauti. Fikof ɗin jitar ƙarfe mai feda (irin wadda ake taka fedoji a canza sautin tsirkiyoyinta), wato maganaɗisun da aka naɗe da siririyar waya a ƙarƙashin tsirkiyoyi, yana da naɗi mai yawa ƙwarai; idan aka auna shi da mita yakan nuna kilo-om 15 zuwa 20, yayin da fikof mai naɗi ɗaya na jita ta yau da kullum yake tsayawa wajen 6 zuwa 8. Siginar da ke fitowa daga irin wannan naɗi tana da rauni wajen tura kanta cikin doguwar waya, domin kowace mita ɗaya ta kebul ɗin jita tana riƙe da kimanin fikofarad 100 (ma'aunin cajin da abu ke iya riƙewa), kuma wannan ne ke cinye siririn sautin sama. Aikin bafa shi ne ta karɓi siginar da tirjiya mai yawa, daga kilo-om 500 zuwa mega-om 1, yadda ba za ta yi wa fikof nauyi ba, sannan ta fitar da ita da tirjiya kaɗan, ƙasa da kilo-om 1, da irin ƙarfin da ta shigo. Shi ya sa wurinta yake daf da jitar, kafin fedar ƙara sauti da kowace na'ura, kuma shi ya sa irin su Goodrich Matchbox ake maƙala su a ƙafar jitar kanta.

Kafin a taɓa komai, a tantance wace irin bafa ce. Mai aiki da batir bolt 9 ko adafta ba ta da haɗari ga jiki. Amma akwai mai kwalba, wato bututun gilashi irin na tsohuwar rediyo, kamar Steel Guitar Black Box ta kamfanin Sarno, wadda cikinta ke ɗauke da wuta mai ƙarfin da za ta iya yi wa mutum lahani, kuma kafasitocinta kan riƙe wutar ko bayan an zare ta daga soket. Wanda bai saba aiki da amfilifaya mai kwalba ba ya bar buɗe ta ga wanda ya saba. Haka kuma duk na'urar da ta zo daga Amurka a karanta rubutun bayanta, domin wutarsu bolt 120 ce, tamu kuwa 230. Idan an rubuta 120 kaɗai, ba ta shiga soket sai ta bayan taransifoma mai rage wuta.

Mataki na farko, wanda ya fi sauran muhimmanci, shi ne a cire bafar daga hanya gaba ɗaya. A rage amfilifaya, a ɗauki kebul guda ɗaya gajere wanda aka tabbatar da lafiyarsa, a haɗa jita kai tsaye da amfilifaya. Idan matsalar tana nan, to ba ta bafa ba ce. A irin wannan hali sai a soka kebul a jitar, a ɗora tsinkayen mita a kan bakin filogin da jikinsa, a auna om: idan mita ba ta nuna komai ba, naɗin fikof ya tsinke ko wata waya ta saki a ciki, idan kuma ta nuna kusan sifili, wani abu na taɓa layin ƙasa, wato layin da ke haɗe da jikin filogi. Idan sautin ya fito garau, sai a riƙa mayar da kayan ɗaya bayan ɗaya, feda tukuna, sannan kowane kebul, bafa a ƙarshe, ana saurare bayan kowane ƙari. Mai jita yakan zo ya ce, «Malam, bafar nan ta mutu,» kuma mai gyara da ya san aikinsa ba ya ɗaukar sukundireba sai ya nemi a kawo masa jitar da fedar da kebul ɗin duka.

Akwai wani dusashewar sauti da ake yawan jingina wa bafa bisa kuskure. Fedar ƙara sauti irin ta da tana da maɓallin juyi na kilo-om 500 a ciki, kuma idan tana tsakiyar tafiyarta, kebul ɗin da ke bayanta yana ganin tirjiya har kilo-om 125, ko da bafar da ke gabanta sabuwa ce fil. Idan kebul ɗin ya kai mita 6, lissafi ya nuna sautin sama zai fara raguwa daga wajen hatz 2,100, kuma kunne na jin wannan sarai. Maganinsa a gajarta kebul ɗin da ke tsakanin feda da amfilifaya, ko a sayi mai ƙarancin fikofarad irin na George L's.

Idan an tabbatar matsalar tana bayyana ne da shigar bafa, sai a saurari irin ta. Sautin da ke fashewa idan an tsinki tsirkiyoyi uku ko huɗu da ƙarfi, amma yake fita lafiya idan an taɓa guda a hankali, alamar ƙarancin wuta ce. Ƙas-ƙas da ke zuwa idan an motsa akwatin yana nuna soket ko dalma. Gurnani mai kauri da ba ya yankewa na layin ƙasa ne ko na adafta, huci irin na iska kuwa ya fi zuwa daga aisi (ƙaramar baƙar na'ura mai ƙafafu da yawa da ke cikin bafar) ko tiransisto da ya fara gajiya.

Daga nan sai batir, kuma a nan ya kamata a daɗe. Ba a auna batir a hannu, domin wanda ya ƙare ma yakan nuna bolt 8 da wani abu idan babu abin da ke jan sa. A auna shi yana cikin bafar, an soka filogi, tana aiki. Sabon batir na alkalin yakan nuna kusan bolt 9.5, kuma da zarar ya sauka ƙasa da 7.5 a canza shi, musamman da yake fikof ɗin jitar ƙarfe yana fitar da sigina mai ƙarfi da ke buƙatar sarari. A ja wayoyin maƙalin batir ɗin biyu a hankali, ja da baƙa, domin sukan tsinke a cikin robar ba tare da an gani daga waje ba. Sannan a lura da wata dabara da masu ƙera waɗannan akwatuna suke amfani da ita: soket ɗin shiga yana da harshe uku, kuma baƙar wayar batir tana kan harshen tsakiya, yadda jikin filogin jita ne yake haɗa ta da ƙasa ya kunna na'urar. Abu biyu ke biyo bayan wannan. Duk wanda ya bar kebul a soke ya kwana, batir na ci har gari ya waye. Wanda kuma ya soka filogi mai zobe biyu, irin na sitiriyo, bafar ba za ta tashi ba sam, sai ya ɗauka ta ƙone. A ra'ayina batir mai araha na kabon ba shi da wurin zama a cikin irin wannan na'ura a garin da zafi ke wuce digiri 40 a watannin Maris zuwa Mayu, domin yana saurin zubar da ruwa ya ci fanel, wato allon da aka liƙa kayan cikinta a kai.

Idan da adafta take aiki, a duba zanen da ke jikin adaftar. Yawancin kayan jita suna bin tsarin kamfanin Boss, inda tsakiyar filogin ne ragi, wajensa kuma tarawa, saɓanin adaftocin rediyo da na'urar intanet da suka cika kasuwa. A auna abin da take fitarwa, domin tsohuwar adafta mai nauyi da aka rubuta wa bolt 9 tana iya ba da 12 ko fiye idan ba a ja ta sosai ba. Idan an taɓa soka wadda ta juya, sau da yawa dayod ɗin kariya ne ya ƙone ya haɗe layukan biyu. Alamarsa ita ce batir ya yi zafi nan take, kuma mita ta nuna kusan sifili tsakanin layin wuta da na ƙasa. Gurnanin da ya ɓace da zarar an koma batir, na adafta ne ko na wutar janareta.

Soket biyun, na shiga da na fita, su ne na gaba. Ƙurar hunturu tana shiga ko'ina, ta haɗu da gumi ta zama datti a kan harsunan. A jiƙa bakin filogi da sifirit ko maganin wanke maɓallai, a soka a zare sau da yawa, a goge, a maimaita har filogin ya fito fes. Kada a sa man inji ko wani mai maiƙo, domin ƙura yake tarawa. A duba ko harshen da ke kama bakin filogi ya saki, a ɗan lanƙwasa shi ciki, a ɗaure notin waje, tun da a akwatin ƙarfe ta nan layin ƙasa yakan bi.

Sai yanzu ne ake buɗe akwatin, kuma kafin a cire ko waya ɗaya a ɗauki hoton cikin da wayar hannu. A ƙarƙashin haske mai kyau, da madubin ƙara girma, a bi dalmar ɗaya bayan ɗaya, musamman ta ƙafafun soket da ta maɓallin juyi, inda jijjiga ta fi yawa. Dalma mai kyau tana da santsi kuma ta rungumi ƙafar. Wadda ta tsage takan nuna siririn baƙin zobe kewaye da ƙafar, kamar gashi ɗaya da aka naɗe. A kunna komai a rage sauti, a riƙa ƙwanƙwasa kowane ɓangare da tsinken itace, inda ƙarar ta tashi nan ne ciwon. A sake narkar da wurin da ɗan sabuwar dalma, da ƙarfen narkar da dalma na wat 25 zuwa 40, kada a wuce daƙiƙa uku a kan kowace ƙafa.

Idan ido bai ga komai ba, mita za ta gani. A sa ta a awon DC, a maƙala baƙin tsinke a jikin soket. Bafa da yawa an gina su ne a kan aisi mai ƙafa takwas. Idan TL071 ce, ana ƙirga ƙafafun daga ɗigon da ke samanta a bi saɓanin tafiyar agogo: ta 7 ta nuna wutar batir, ta 4 sifili, ta 6 da ta 2 kuma rabin wutar, wato kimanin bolt 4.5. Idan TL072 ce, wuta tana kan ta 8, fita kuma kan ta 1 da ta 7. Ƙafa ta 3 tana da yaudara da ya kamata a sani. Wutarta tana zuwa ne ta cikin rasista ta mega-om 1, don haka mita mai kyau za ta nuna wajen bolt 4.1, amma ƙaramar mitar nan mai araha, irin DT830, za ta nuna kusan 2.2 kawai, saboda ita kanta tirjiyarta mega-om 1 ce. Masu gyara da dama sun cire aisi mai lafiya a kan wannan awo. Ƙafar fita ita ce shaida: idan tana kan 4.5, aisin na aiki. Idan ta manne kusa da sifili ko kusa da 9, sai a duba rasistoci biyun da ke raba wuta gida biyu da kafasitar da ke tare da su, idan suna ba da 4.5 daidai to aisin ce ta tafi. Bafar da aka gina a kan tiransisto irin JFET kuwa, ƙafar da ke kan layin wuta za ta nuna kusan 9, ƙafar fita kuma wani adadi tsakanin sifili da 9 gwargwadon tsarin. Sifili cif ko 9 cif yana nufin ya lalace ko rasistarsa ta yanke.

A auna kuma bakin soket ɗin fita. Bai kamata a sami DC a nan ba. Idan an samu, kafasitar fita tana yoyo, kuma wannan ne yakan sa fedar ƙara sauti ta riƙa ƙarar karce duk lokacin da aka taka ta, har a canza maɓallinta a banza. Kafasita mai ruwa ita ce ta fi jin jiki a yanayinmu, domin ƙa'idar masu ƙera ta ita ce duk ƙarin digiri 10 na zafi yana rage rabin rayuwarta, kuma akwatin da aka bari cikin mota a rufe da rana ya ga abin da ya fi haka. Wadda ta kumbura ko ta yi tsatsa a ƙafa a cire ta, a sa mai adadin mikrofarad iri ɗaya, mai ɗaukar bolt 25 ko fiye, wadda aka rubuta wa digiri 105, a kiyaye kada a juya ƙafar ragi.

Inda awon wuta ya fita daidai amma sauti bai fita ba, sai a bi siginar da kunne. A yanke kan wani tsohon kebul, a haɗa ragar wajensa da layin ƙasa, a liƙa kafasita ta mikrofarad 0.1 a wayar tsakiya, ɗaya ƙafar kafasitar ta zama tsinken bincike, ɗaya kan kebul ɗin kuma ya shiga amfilifaya da aka rage sosai. Wani ya riƙa tsinkar tsirkiya, a taɓa harshen soket ɗin shiga, sannan bayan kafasitar shiga, ƙafa ta 3, ƙafa ta 6, bayan kafasitar fita, har soket. Tsakanin inda aka ji da inda aka daina ji, nan matsalar take.

Wajen canza aisi, a yanke ƙafafun tsohuwar da filaya a zare su ɗaya-ɗaya, ya fi sauƙi a kan fanel fiye da ƙoƙarin ciro ta gaba ɗaya. A liƙa gurbin aisi mai ƙafa takwas, a danna sabuwar a ciki, ɗigonta na kallon inda tsohuwar ke kallo. A lokacin hunturu iska ta bushe, jiki yana tara wutar da ke kashe irin waɗannan kaya, don haka a taɓa ƙarfe mai haɗe da ƙasa kafin a ɗauki aisin. Masu gyaran rediyo a kasuwar Sakkwato sun fi samun aisi masu lamba 4558 da 741, kuma ƙafafunsu sun dace da na TL072 da TL071 bi da bi, za su kuma yi sauti, amma ba a yi mashigarsu don tirjiya mai yawa irin wannan ba, huci yakan ƙaru. A yi amfani da su na wucin gadi, a yi saƙon ta ainihi daga Kano ko kasuwar Alaba ta Legas. Game da JFET, jerin ƙafafu ya bambanta: J201 da 2N5457 iri ɗaya ne, amma 2N3819 ƙafar shigarsa a tsakiya take, don haka a duba takardar bayanin kowane lamba kafin a liƙa.

Akwai inda gyara ba ya biyan wahala: fanel ɗin da ruwan batir ya cinye layukansa, ko wanda aka zuba wa baƙin danƙo aka rufe kayan ruf. A nan sai sauyi. Wanda ke da hali ya yi odar wadda aka yi don jitar ƙarfe, kamar Matchbox ko FreeLoader ta Sarno mai maɓallin canza tirjiyar shiga, ko ya koma feda mai lantarki irin ta Hilton, wadda ba ta buƙatar bafa daban. Wanda ke son mafita a yau, ƙananan fedojin Boss suna da bafa a ciki da ke aiki ko an kashe su, kuma na'urar saita tsirkiya TU-3 tana da tirjiyar shiga ta mega-om 1. A sa ta farko bayan jita, a saurara ko tana fashewa idan an kaɗa da ƙarfi.

Hanya ta uku, wadda na fi so ga mai hannu, ita ce a gina sabuwa a cikin tsohon akwatin, tun da soket da maƙali suna nan. Daga harshen shiga a bi ta kafasita marar ruwa ta mikrofarad 0.1 zuwa ƙafa ta 3 ta TL071. A jera rasistoci biyu na kilo-om 100 daga layin wuta zuwa ƙasa, a sa kafasita ta mikrofarad 10 daga mahaɗarsu zuwa ƙasa, sannan rasista ta mega-om 1 daga mahaɗar zuwa ƙafa ta 3. A haɗa ƙafa ta 2 da ta 6 kai tsaye. Daga ta 6 a fita ta kafasita ta mikrofarad 10, ƙafar tarawarta na kallon aisi, sai rasista ta om 470 zuwa harshen fita, da wata ta kilo-om 100 daga can zuwa ƙasa. Ƙafa ta 4 ta tafi ƙasa, ta 7 ta karɓi wuta ta bayan dayod 1N5817, da kafasita ta mikrofarad 100 tsakanin layin wuta da ƙasa. Rasistar nan ta mega-om 1 ita ce ke yanke hukuncin muryar jitar: da ita sautin sama yana fita da kaifi, kuma idan mai jitar ya ji ya yi masa tsini da yawa, sai a mayar da ita kilo-om 470 ko 330. Wannan zaɓi na kunnensa ne, don haka a gwada yana zaune a gaban jitarsa.

Kafin a rufe akwatin, a sa mita a awon mili-amfiya tsakanin kan batir ɗaya da maƙalinsa. TL071 guda tana jan kimanin 1.5 zuwa 2.5, wanda ke nufin batir ɗin alkalin zai yi awa 200 ko fiye. Idan an ga 10 ko sama, akwai dalmar da ta haɗe layuka biyu ko kafasitar da aka juya. A zare filogin shiga a tabbatar awon ya koma sifili, a sake duba cewa babu DC a bakin fita, a rufe. Sannan a haɗa ta da jitar da kebul da bai wuce rabin mita ba, a kwatanta ƙarfin sauti da ita da kuma ba ita, wanda ya kamata ya zo daidai, a bar ta tana aiki na awa guda da tsakar rana ana ɗan jijjiga akwatin lokaci zuwa lokaci, domin dalmar da ba ta kama da kyau ba takan nuna kanta ne bayan kayan sun ɗauki zafi.